Hannun da Ke Cikin Akwatin Wuta

Ƙarfe biyun dare suka kira ni Bukuru,
wai injin niƙan abincin kaji ya yi shiru,
ga masara buhu-buhu jingine da bango,
ga kaji dubu arba'in suna jiran safiya.
Na ɗaure jaka a bayan babur,
sanyin Jos yana cizon yatsuna ta cikin safa.

Ɗanladi mai gadi ya riƙe min tocila.
Na sauke babban makunni, na datse shi da kwaɗo,
mabuɗin na jefa a aljihun gaba.
Wuta ba ta san sani ba, balle sabo.

Ƙaurin roba ne ya fara gaishe ni,
sai ƙurar dusa da ta kwanta kan komai,
sai wani ƙadangare da ya bushe tsakanin ƙarfe biyu,
neman ɗumi ya kai shi.

Na hure ƙurar. Sai na tsaya.

Ja, rawaya, shuɗi,
sun gangaro a jere kamar kunyoyin dankali,
kowace kwana da babban yatsa aka lanƙwasa ta,
ba a ja ba, ba a shaƙe ba,
kowace waya an bar mata taƙi guda na numfashi
saboda wanda zai zo gyara wata rana.
Ga lamba bakwai mai ɗamara a ƙugu.
Mutum ɗaya na sani da ke rubuta ta haka.

Baba Davou,
damina tara ke nan da muka kai ka makwanci a Du,
ga shi na same ka a nan, ba ka tashi daga aiki ba.

Kai ne ka buge min hannu da bayan filaya
ranar da na murɗa waya na lulluɓe da tef.
Ka ce, "Tasi'u, abin da ka ɓoye wa ido,
wuta za ta tona shi, kuma da dare."
Kai ne in azahar ta yi kake duba agogo kafin ni:
"Je ka yi sallarka, kontakta ba ta da ƙafa."

Laifin ba naka ba ne, na duba.
Wani mai gaggawa ya biyo bayanka,
fis ya ƙone, ya ɗaura masa gada da jan ƙarfe,
ya toshe bakin rile don kada ya yi ƙorafi,
moto ya yi ta kuka, babu mai jin harshensa.

Manaja ya bugo waya, murya cike da barci:
"Haɗa min kai tsaye, gobe ma gani."
Na ce ranka ya daɗe, goben ce nake gudu.

Na zare gadar, na sa fis mai lamba,
na canza kontakta, na bi kowane sukuru
ina ɗaurewa har sai ya ce ya isa.
Can ƙasa, a lungun hagu,
tocila ta faɗa kan wata koriyar waya,
karkatacciya, ta yi gajarta kaɗan,
ita kaɗai ta fita daga sahu.

Tawa ce.
Shekarata sha biyar, hannuna na rawa.
Ka gan ta, ka auna ta da mita, ka yi shiru,
ka rufe ƙofa a kanta.

Na danna koren maɓalli.
Ƙas! Moto ya ɗauka a hankali,
ya ja numfashi, ƙas na biyu, ya miƙe.
Ƙasa ta soma rawa ƙarƙashin takalmina.

Ɗanladi ya ce, "Waccan karkatacciyar fa, ba ka gyara ba."
Na ce tana aikinta.
A bayan ƙofa, ƙarƙashin kwanan watan da ka rubuta,
na sa nawa da biro,
na yi wa bakwai ɗina ɗamara.